Ruwan da Ya Ƙone Lambu Ba Ya Jiran Alƙali

A ƙarshen sanyin bara na raka wani dattijo, abokin mahaifina, ofishin wani lauya a nan cikin birni. Lambu gare shi a bakin rafi, can kudu da gari, inda yake noman latas da alayyahu da albasa tun ina yaro. Ya zo da gorar roba a cikin leda, ya ɗora ta a kan tebur da hannu biyu kamar mai miƙa amana. Ruwan da ke ciki baƙi ne mai ratsin shuɗi, wani abu kuma ya kwanta a gindin gorar kamar ƙullu. Yana buɗe murfin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin.

Ya ce da asuba ya tayar da inji ya shayar da fangali shida, bai san an sako dagwalo cikin dare ba. Kafin la'asar ganyen ya yi laushi. Washegari ya ƙone ƙurmus kamar an bi shi da wuta.

Lauyan ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce, "Baba, yaushe ka ɗebi ruwan nan?"

"Yau kwana tara ke nan, ɗana."

"Wa ya ga lokacin da ka ɗiba?"

"Allah ya gani."

"A ina ya kwana tun ranar?"

"A zaure."

"Gorar fa, me ke cikinta kafin ka zuba?"

Dattijon ya ɗan yi shiru. Ya ce ta zoɓo ce, amma jikarsa ta wanke ta tas. Lauyan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi ni na yarda da kai. Sai dai waɗannan tambayoyi huɗu su ne lauyan kamfani zai fara yi maka a gaban alƙali, kuma kafin ya kai ta uku an gama da gorar nan."

Tun daga ranar abin yake cina a rai. Mutum ya ga ɓarna da idonsa, ya shaƙi warinta, ya yi asarar guminsa, amma a ma'aunin kotu hannunsa babu komai. Mun saba ɗora laifin mutuwar irin wannan ƙara a kan cin hanci ko ƙarfin masu kuɗi, kuma ba na musun akwai wannan. Amma ko da za a samu alƙali mai tsoron Allah wanda ba a saye, ƙarar gurɓata muhalli takan mutu ne a wuri guda, wato wajen hujja. Hujjar da talaka zai iya riƙewa tana lalacewa kafin ya isa kotu, wadda ba ta lalacewa kuwa tana kulle a ofishin wanda yake ƙara.

Duk ɗan Kano ya san inda ruwan yake bi. Rukunin masana'antunmu manya uku ne: Bompai, Sharaɗa da Challawa. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su gangara madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda shi ma yake karɓar na rukunin da ke gefensa a wajen Panshekara, kafin ya haɗu da kogin Kano a yankin Tamburawa. A gaɓar waɗannan ruwaye akwai masu noman rani da masunta da makiyaya da masu ɗibar yashi. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun daɗe suna auna ruwan nan da ƙasar da ganyen da ake nomawa, sun kuma sha samun ƙarafa masu guba a ciki. Saboda haka ba wanda zai ce ba a san da matsalar ba. Amma sanin cewa kogi ya gurɓace daban, tabbatar wa kotu cewa kamfani kaza ne ya ƙone lambun wane a daren kaza kuma daban.

Ɗauki jima, sana'ar da Kano ta yi suna da ita tun kafin zuwan Turawa. Majeman gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki. Kamfanin zamani kuwa yana tuge gashin fata da farar ƙasa da sinadarin salfaid, shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwan nan, sannan ya jeme ta da gishirin kuromiyam. Fatar ba ta shanye kuromiyam ɗin duka, ragowar sai ta bi ruwa. To shi kuromiyam iri biyu ne ake damuwa da su. Wanda ake jima da shi gubarsa da sauƙi. Ɗayan, wanda masana ke kira mai daraja shida, shi ne mai haddasa ciwon daji da gyambon fata, kuma na farkon yana iya rikiɗewa ya koma na biyun, misali idan aka ƙona tarkacen fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha. Idan mai ƙara ya kawo takardar gwaji da ta ce "an samu kuromiyam" kawai, ba ta faɗi wane iri ba, lauyan kamfani ya samu ƙofar fita. Shi kuma mai daraja shidan ba ya zama yadda yake a cikin gora. A ƙa'idar da aka saba, cikin awa 24 ake auna shi. Salfaid yana tashi ya bi iska. Sauran ƙarafa sai an ɗiga wa ruwan asid tun a bakin rafi, in ba haka ba su manne a jikin gorar ko su kwanta. Ana kuma son a sa samfurin a ƙanƙara. Ruwan da ya kwana tara a zaure, ko gwajin ya nuna guba ko bai nuna ba, an riga an samu abin sukarsa.

Rafin kansa ma ba ya jira. Wanda ya san bai tace dagwalonsa ba, ba da rana tsaka zai buɗe bututu ba. Cikin dare zai saki, ko ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Kafin a rubuta takardar koke, a kai ma'aikata, a samu mota da mai, jami'i ya iso, abin da ya ƙone lambun ya wuce Wudil. Jami'in zai ɗebi ruwan da ya tarar, ya rubuta gaskiyar abin da ya auna, kuma wannan gaskiyar ce za ta wanke mai laifi. Abin da kan rage shi ne taɓon gindin rafi da ƙasar fangali, domin ƙarfe yana daɗewa a cikinsu shekara da shekaru. Sai dai taɓo yana faɗin cewa an zuba guba, ba ya faɗin ranar, ba ya faɗin sunan mai zubawa.

Nan ne wurin da ya kamata mu yi wa masu kamfani adalci, don su ma suna da magana. Kamfanoni da yawa magudana ɗaya suke zuba wa ruwa: mai jima, mai rini, mai roba, mai sabulu. Jakara kuwa tun kafin ta haɗu da Getsi ta riga ta kwaso kwatar cikin birni da jinin mayanka da baƙin man garejin makanikai da duk abin da muke watsawa a lambatu. Mu ma da hannunmu a ciki. Idan wani kamfani ya kashe kuɗinsa ya gina wurin tace ruwa, maƙwabcinsa bai gina ba, zalunci ne a haɗa su a yi musu kuɗin goro. Don haka tambayar lauyan kamfani, "Ta yaya ka san namu ne?", tambaya ce ta gaskiya. Amsarta ita ce a ɗebi ruwa a wuri uku a lokaci guda: sama da bututun, bakin bututun, da ƙasa da shi, a kuma maimaita ba sau ɗaya ba. Bakin bututun kuwa sau da yawa yana bayan katanga, akwai mai gadi a ƙofa.

Wannan duk a kan latas ne, wanda ya ƙone cikin kwana biyu kowa yana gani. Idan maganar ta koma kan lafiyar mutum, wuyar sai ta ninka. Ciwon ƙoda ko na daji ba ya fitowa washegari, yakan ɗauki shekara goma ko ashirin. Ranar da mutum ya kwanta ana masa wankin ƙoda, ɗaya ɓangaren zai tambaya: ba shi da hawan jini? Ba shi da ciwon suga? Bai sha jiƙe-jiƙe ba? Bai daɗe yana shan maganin ciwon jiki na kemis ba? Kowanne cikin waɗannan yana iya lalata ƙoda, kuma likita mai amana ba zai rantse cewa ruwa ne kaɗai ba. Kuromiyam yana fita daga jiki ta fitsari cikin 'yan kwanaki, don haka gwajin yau ba zai nuna abin da aka sha shekara biyar baya ba. Ga shi yawancinmu ba mu da tarihin lafiya a rubuce. Katin asibiti ya ɓace, ko kuma tun farko a kemis aka yi jinyar. Idan rai ya yi halinsa da safe, kafin azahar an kai mutum makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar, ba kuma mai son a taɓa gawar ɗan'uwansa da wuƙa. Ban ce a sauya wannan ba. Ina dai cewa dokar da ke neman irin hujjar da ake samu a ƙasar da kowane mamaci yake da takardar dalilin mutuwa, tana neman abin da babu shi a nan.

Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ta nuna ɗaya fuskar. A can an gane musabbabin da wuri saboda yara ne suke mutuwa da yawa a lokaci guda, kimanin 400, ita kuma dalma ana ganinta ƙarara a gwajin jini, ga kuma duwatsun zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida. Duk da haka sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura, aka kawo masana da na'urori daga waje, sannan aka tabbatar. Gubar da ke kisa sannu a hankali, mutum ɗaya a wannan layi, wani a wancan, ba ta tara jama'a balle ta jawo masana. Mu Kanawa ma mun ɗanɗana wani abu makamancin haka a shari'ar gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996, duk da cewa ba ta muhalli ba ce. An yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75, amma da aka zo biyan diyya sai da aka nemi gwajin ƙwayar halitta don tantance waɗanda abin ya shafa, domin shekara goma sha uku sun wuce.

Dokar Shaida ta 2011 a fili take: wanda ya yi da'awa shi zai tabbatar. A ƙarar neman diyya rinjayen hujja ake bi, idan kuwa laifi ake tuhuma sai an kawar da duk wani shakku mai ma'ana. Sashe na 68 ya ba kotu damar sauraron ra'ayin masani a kan abin da ya shafi kimiyya. A aikace wannan dama ta zama tilas. Tun 1976, a shari'ar Ogbeni da wani kamfanin binciken mai, mutumin ya ce girgizar nakiyar da suke fasawa ce ta tsattsaga masa gini, Kotun Ƙoli ta ce sai da shaidar masani za a iya haɗa girgizar da tsagewar, ya kuma rasa ƙararsa. Masani kuwa ba kyauta yake zuwa ba. Akwai kuɗin gwaji, kuɗin rahoto, kuɗin zuwa kotu duk ranar da aka ɗage zama. Mai fangali shida zai haɗa wannan da me? Kamfani kuwa zai kawo nasa farfesan, da takardu masu kauri. Sai alƙali, wanda shari'a ya karanta ba kimiyyar sinadarai ba, ya zauna tsakanin farfesa biyu, kowanne ya rantse, kowanne ya kawo lambobi. Wanda ya fi iya tsayuwa a gaban tambayoyin lauya shi yakan yi nasara, ba lallai wanda ya fi gaskiya ba.

Don a ga girman aikin, a dubi ƙasar Ogoni. Binciken da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agustan 2011 ya ɗauki wata 14, an duba wurare sama da 200, an auna samfuri sama da 4,000. Da haka ne aka gano cewa a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Mutanen wurin sun shekara da shekaru suna cewa ruwansu warin fetur yake, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma maganarsu ba ta zama hujja ba sai da aka kashe miliyoyin daloli.

Akwai wani cikas da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya fi na kuɗi zafi. Wanda aka cuta shi kansa yana tsoron hujjar. Dattijon nan da muka fito daga ofishin lauya ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in aka auna aka ce ruwan guba ne, aka faɗa a rediyo, wa zai sayi latas ɗina a 'Yankaba?" Ban samu amsar ba shi ba. Ruwan da ke cutarsa shi ne ruwan da ke ciyar da shi, domin ba ya ƙafewa da rani. Maƙwabcinsa da ya ga an buɗe bututu, ɗansa leburan kamfanin ne. Ma'aikacin da ya san ranar da injin tacewa ya lalace, ya san ranar da ya buɗe baki ita ce ranar sallamarsa. Mai unguwa kuma yana tuna wanda ya gina wa unguwa rijiyar burtsatse. Haka shaidu suke zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, kuma ba zan iya zargin ko ɗaya daga cikinsu ba.

To ina hujjar da ba ta ruɓewa? Tana cikin rasitan sinadaran da kamfani ya saya, da lissafin fatun da ya jeme, da littafin da ake rubuta aikin injin tacewa, da sakamakon gwajin da yake yi wa dagwalonsa. Wanda ya san buhun kuromiyam nawa ya shiga da fata nawa ta fita, zai iya ƙiyasta nawa ya bi ruwa. Hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2009 musamman don masaƙu da masana'antun fata da takalma, waɗanda suka ƙayyade abin da za a iya saki, suka kuma ɗora wa kamfani auna dagwalonsa da kai rahoto. Amma idan mai zubar da ruwan shi ne mai ɗibar samfurin, shi ne mai biyan ɗakin gwajin, ai an ba kura ajiyar nama, sai fa in hukuma tana zuwa ba-zata tana ɗibar nata.

Saboda haka nake ganin gyaran yana wajen rabon nauyin hujja. Mun taso da ƙa'idar da ta zo a hadisi, cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa, kuma ƙa'ida ce ta adalci da ke kare kowa daga ƙage. Ban ce a jefar da ita ba. Abin tambaya shi ne iyakar inda nauyin mai da'awa ya tsaya. Kotun Niigata ta ƙasar Japan ta amsa wannan a 1971, a shari'ar mutanen da gubar zaiba ta nakasa a gaɓar kogin Agano. Ta ce idan masu ƙara suka nuna irin cutar da abin da ke haddasa ta, suka bi sawun gubar har ƙofar masana'anta, to sun sauke nasu. Daga nan kamfani ne zai nuna cewa ba daga cikinsa ta fito ba, tunda shi ya san abin da ke bayan katangarsa. A Indiya, a 1996, Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kan kamfanonin jima na yankin Vellore da suka lalata kogin Palar da gonaki da rijiyoyi, sana'a irin tamu da ɓarna irin tamu, ta ce mai masana'anta ne zai nuna aikinsa ba ya cutarwa, kuma wanda ya ɓata shi zai biya gyara. A 2010 Indiya ta kafa kotun muhalli ta musamman inda masanin kimiyya yake zama a kujerar hukunci tare da alƙali. Ko a shari'ar manoman Neja Delta huɗu da aka shigar a Holan a 2008, abin da ya juya ta a 2021 shi ne kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfanin Shell ne zai tabbatar da cewa ɓarayi ne suka fasa bututun, ba manoman ne za su tabbatar da akasin haka ba. Shekara goma sha uku aka yi, wasu daga cikin manoman ba su ga ranar ba.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan hayaƙin gidan burodi da warin majema idan suka cutar da maƙwabta, bisa ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, kuma alƙali yakan tura masana abin su je su gani da idonsu su dawo su faɗa masa. Masanin na kotu ne, ba na mai ƙara ko wanda ake ƙara ba. Da kotunanmu za su riƙa naɗa nasu masanin daga jami'o'in da ke garin nan, su ba da umarnin a shiga a ɗebi samfuri tun a makon farko, a raba shi uku a rufe da hatimi, kowane ɓangare ya riƙe ɗaya kotu ta riƙe ɗaya, da rabin gardamar ta ƙare. Ƙofar kotu ma ta ɗan buɗe: a 1991 Kotun Ƙoli ta ce mutum zai iya kai ƙarar abin da ya addabi jama'a ba sai ya jira Antoni Janar ba, a 2018 kuma ta ce ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin shigar da ƙarar gurɓata muhalli. Sai dai idan hukumar gwamnati ce za a haɗa a ƙarar, akwai dokar da ta ba da wata uku kacal, wata ukun da yawanci a zaryar kai koke suke ƙarewa.

Kafin mu bar ofishin, lauyan ya yagi takarda ya rubuta wa dattijon abin da zai yi in an sake. Ya kira mutum biyu su tsaya a kai. A ɗauki bidiyo da waya tun daga bakin bututun har fangalin, a faɗi rana da lokaci da baki, kada a goge, kada a sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida zai nemi bayanin na'urar da ta ɗauka. A samu sabuwar gora a ɗauraye ta da ruwan rafin, a cika ta har baki, a rubuta suna da lokaci a jiki, shaidu su sa hannu, a sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar, a karɓi rasit. A sanar da mai unguwa da duba-gari a rubuce, a riƙe kwafi. A tumɓuke ganyen da ya ƙone har da ƙasarsa.

Dattijon ba ya karatun boko. Da muka koma ya sa jikarsa ta karanta masa, shi kuma ya kwafe da ajami a bangon wani littafi. Na je gaishe shi da azumi na tarar ya sake shuka fangali huɗu, biyu ya bar su haka nan don ƙasar ta yi fari-fari ta ƙi karɓar iri. A cikin bukkar da yake ajiye inji akwai sababbin goruna uku a ɗaure cikin leda, da littafin a soke a jikin azara. Ya buɗe ya nuna mini: tun daga waccan ranar, duk asuba kafin ya tayar da inji sai ya haska ruwan da tocila, ya rubuta launinsa da warinsa. Na ƙirga shafi goma sha ɗaya. Sau bakwai ya rubuta "baƙi".